Yadda Na'urata Ta Tona Min Asiri a Falon Hajiya Dada

In dai ba cire ƙwaƙwalwata aka yi aka wanke ta da sabulu ba, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai wa Hajiya Dada bidiyon bikin jikarta ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, can kuma sai in kama dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Ban taɓa jin kunya a sana'ata irin ta ranar ba, kuma daga ranar ce sana'ar ta miƙe.

Ɗaukar bidiyon biki nake yi, kuma ɓangaren mata kawai: kamu, sa lalle, yinin biki, duk inda mata ke ajiye mayafi su cashe ba tare da sun waiwaya ba. Ina da ɗan shago a unguwar Wunti a garin Bauchi, tsakanin wani tela da wani mai sayar da kayan kwamfuta, Oga Chinedu. (Da na ce shago kada ku hango wani katafaren wuri. In na buɗe hannuwana biyu, bango da bango nake taɓawa.)

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ɗaukar ita ce mai sauƙi. Kyamara tana fitar da bidiyo guntu-guntu, kowane guntu da nauyinsa, kuma a wani tsari da yawancin talabijin ɗin gidajenmu ba sa ganewa. A zuba bidiyon a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin talabijin, a soka, talabijin ta yi ɗan tunani, sannan ta rubuto cewa ita ba ta san wannan ba. Dole sai an juya kowane guntu zuwa tsarin da take karɓa, an rage masa nauyi. Mu mata masu kyamara, yawancinmu wajen maza masu manyan kwamfutoci muke kaiwa su juya mana, ko kuma a ɗora a wani shafin intanet ya juya a sauko da shi. Wato an hana namiji leƙa wajen kamu, sannan an kai masa kamun har kan teburinsa ya kalla a zaune yana cin gyaɗa. Kowa ya san haka ake yi, kowa kuma ya yi gum.

Hajiya Dada ba ta cikin masu yin gum. Tsohuwa ce mai faɗa a ji a wani babban gidan malamai a cikin gari, irin gidan da in suka yaba maka an gama yaba maka a Bauchi, in suka kushe ka kuma sai ka nemi wata sana'ar. Da za a aurar da jikarta Rukayya, ta aiko aka kira ni. Na same ta a kan kujera, tabarau a ƙarshen hanci, sanda a jingine a gwiwa. Ba ta kallon mutum ta cikin tabaran, ta samansa take kallo.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "an ce ke kike ɗaukar mata."

"Ni ce, Hajiya."

"To, ki ji da kyau. Matan gidan nan za su cire mayafi a gabanki. Ba namijin da zai ga abin da kika ɗauka. Ba kuma zai hau wannan intanet ɗin naku ba. Daga hannunki sai talabijin ɗin ɗakina. Kin iya ko in nemi wata?"

Ni kuwa da Allah ya hore min baki, sai na ce, "Haba Hajiya, ai ni da kaina nake yin komai, daga farko har ƙarshe." Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya. Ƙananan ayyuka, irin suna ko saukar karatu, ina juya su ɗaya bayan ɗaya a kan 'yar kwamfutata ta hannu. Abin da ban lissafa ba shi ne girman bikin gidan Hajiya.

An yi biki, an cashe. Na ga matan da a titi ko ƙwayar idonsu ba a gani suna rawar da ta sa na kusa sakin kyamara. Na dawo shago da memorin kyamara cike maƙil, na kunna 'yar kwamfutata, na ba ta guntu na farko. Ta yi nishi, ta yi zafi kamar dutsen guga, ta mutu. Na bari ta huce, na sake ba ta, ta sake mutuwa. Na zauna na yi tagumi. A wannan tafiyar, kafin in gama, amarya ta haihu har an yi suna.

Nan fa hankalina ya tashi da gaske. Ga alkawari na ɗauka a gaban tsohuwa, ga aiki ya fi ƙarfin kayana, ga hanyoyi biyun da kowa ke bi an toshe min su.

Cikin lalube a waya na ci karo da bayanin cewa mutum zai iya ajiye kwamfuta guda a ɗakinsa, ya sa mata wata manhaja ta kyauta, ta zama kamar injin markaɗe: a zuba ta sama, ya fito ta ƙasa. Za a buɗe folda biyu. Duk bidiyon da aka jefa a ta farko, na'urar za ta ɗauka da kanta, ta juya, ta ajiye a ta biyu, ta koma ta ɗauki na gaba, har sai layi ya ƙare. Ba a kai wa kowa, ba a ɗora wa kowa. Da na gama karantawa na ce wannan ai saboda Hajiya Dada aka ƙirƙiro shi.

Na leƙa wajen Oga Chinedu na ce ina son kwamfutar tebur mai ƙarfi. Ya shiga lungu ya jawo wata tsohuwa, ya hure mata ƙura har sai da na yi atishawa.

"Madam, wannan tsoho ne, amma yana da ƙarfi," in ji shi. "Kai sa masa fanka kawai, zai yi aiki kamar jaki."

(Oga Chinedu ya zo Bauchi tun kafin in shiga firamare, amma har yau "kai" yake ce min. Na gaji da gyara masa, na haƙura.)

Ba zan ɓoye muku ba, haɗa na'urar nan ya gasa min aya a hannu. Ni da nake tinƙaho da difloma a kwamfuta, sai ga ni gaban wani baƙin allo, ba hoto ba inda za a latsa, sai dai a rubuta umarni da Turanci harafi bayan harafi. A kuskure ɗigo ɗaya ta zazzago jan rubutu kamar mai faɗa. Na rubuta, ta ƙi. Na goge na sake, ta ƙi. Na yi mata magiya, na yi mata barazanar mayar da ita lungun Oga, ko a jikinta. Ga zafin gari, ga fanka ɗaya tal a shagon, ita kuma na juya wa na'ura, ni ina gefe ina tsiyayar gumi. In aka ɗauke wuta sai in jona ta da batirin sola, in kashe fitila, in kashe cajin wayata, don dai gimbiya ta ci ta ƙoshi.

A hankali ta fara sauraro na. Na buɗe foldojin nan biyu, na raɗa musu suna Shiga da Fita. Sai dai ban yarda in jefa mata bidiyon biki ba tukuna, don tsoro nake ta cinye min shi in rasa bakin da zan yi wa Hajiya bayani. Na ɗauki bidiyon titin gaban shago na jefa mata. Ya fito ba murya. Na gyara, ya fito da murya, amma 'yan keke duk sun yi tsawo kamar an ja su ta ka. Na sake gyarawa, hoto ya daidaita, sai na lura ƙarar hon tana zuwa bayan keken ya wuce. Don in tabbatar murya tana tafiya daidai da baki, ina bukatar bidiyon mutum yana magana. Na duba shagon, ba wani mutum sai ni.

Ya kamata a nan in tsaya gaban kyamara in ce ɗaya, biyu, uku, in kashe. Kowane mai hankali haka zai yi. Amma ni tun ina makaranta an san ni da kwaikwayon mutane (an taɓa sa ni tsallen kwaɗo saboda shugabar makarantarmu), kuma muryar Hajiya Dada ta kwana biyu tana yawo a kaina. Na kulle ƙofa. Na kafa kyamara. Na yafa zanen da nake rufe kayan aiki da shi, na sauko da tabarau ƙarshen hanci, na ɗauki lema ta zama sanda. Na tako a hankali, ina ɗingishi, na zauna, na kalli kyamara ta saman tabarau.

"Ke 'yar nan! An ce ke kike ɗaukar mata. To, ki ji da kyau..."

Wallahi na yi shi sosai. Har ɗan tarin da take yi kafin ta ce "intanet" sai da na yi. Na ƙara da abin da ba ta faɗa ba: na ce in na ga ko inuwar namiji a bidiyon nan, da sandar nan zan bi ki har Wunti. Ina cikin kaɗa lema aka ƙwanƙwasa ƙofa, na tsaya muka yi magana da Oga Chinedu ta bayan ƙyaure, ya tafi. Sannan na tuna kyamara na kunne, na kashe. Saboda ƙyuya, da aka nemi sunan fayil ɗin sai na danna harafin farko sau uku: aaa. Na jefa shi a Shiga.

Ya fito tas. Hoto garau, murya daidai da leɓe, nauyi ya ragu kamar an tace. Na daka tsalle har kaina ya kusa taɓa silin. Na shiga Fita na goge gwajin nan da hannuna, ina cewa a raina wannan ba mai ganinsa har abada. Sannan na zare wayar intanet daga bayan na'urar, na naɗe ta na jefa a durowa, na yi bismillah na juye bikin Rukayya kaf a cikin Shiga.

Na tsaya ina kallon layi yana tafiya, tana gama wannan tana ɗaukar wancan, ba nishi ba mutuwa. Na kulle shago na tafi kasuwar Muda Lawal sayen sabon filas da kayan miya, ina tafe ina jin kamar in tare mutane in ba su labari. Washegari da hantsi na tarar ta gama komai. Na buɗe wasu daga tsakiya na duba, lafiya lau. Na kwashe duk abin da ke cikin Fita na zuba a filas.

Abin da ban sani ba shi ne, na goge gwajin a Fita, amma uwarsa tana nan zaune a Shiga. Ita kuwa na'urar, yadda aka gina ta, duk abin da ta gani a Shiga ba shi da ɗan'uwa a Fita, sai ta ɗauka aikin da ba a yi ba ne. Baiwar Allah ta ga an rasa guda, ta sake juyo min shi cikin biyayya.

Bayan la'asar na isa gidan Hajiya, na ci ado kamar ni ce uwar biki. Falo ya cika: 'ya'yanta, surukanta, amarya Rukayya da lallenta bai gama fita ba, har da wasu baƙi daga manyan gidajen unguwa da aka gayyato kallo. Na dube su na ga aikin shekara guda zaune a kan kafet. Sai bakina ya sake yin halinsa. Kafin in soka filas sai da na yi ɗan jawabi, na ce na haɗa na'ura ta musamman a shagona wadda ba irinta a Wunti, mai aiki da kanta, wadda ba ta mantuwa, ba ta tsallake komai.

"Ba ta tsallake komai," na sake nanatawa, don kowa ya ji.

"To, sa mu gani," in ji Hajiya. Rimot ɗin yana hannunta, a naɗe cikin leda, kuma kowa a gidan ya san ba mai taɓa shi sai ita.

Na soka filas. Talabijin ta yi ɗan tunaninta, sai ga hoto ya fito. Ta karɓa! Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga bangon shagona. Talabijin ɗin bisa jerin haruffa take kunna fayil, kuma babu abin da ke gaban aaa.

Sai ga ni na tako, da zane a kafaɗa, da lema, ina ɗingishi.

"Ke 'yar nan!"

Muryar ta cika falon, garau, daidai da leɓe, kamar yadda na sha wahala na gyara ta. Na yi wuf zan zare filas ɗin, sai sandar gaske ta tare min hanya.

"Bar shi," in ji Hajiya, ko kallona ba ta yi ba.

Na koma na durƙushe a gefen talabijin, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. A allo ina tari kafin in ce "intanet". Wata daga cikin surukan ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Amarya ta kifa kai a cinyar ƙawarta. Ba wadda ta isa ta yi dariya a fili, ba kuma wadda ta iya hadiye ta, sai wani irin gurnani ke tashi daga kusurwa zuwa kusurwa. Da na zo wajen "zan bi ki har Wunti" ina kaɗa lema, wata tsohuwa daga cikin baƙin ta ce "La ilaha illallahu" da muryar da ban gane ko salati ne ko shiɗewa ba. Ni dai na riga na fara tunanin ko zan iya koyon ɗinki a wajen maƙwabcina tela.

Sai aka ji ƙwanƙwasar ƙofa a cikin bidiyon. Na ma manta da wannan wajen.

"Madam! Madam, kai har yanzu kana fama?" Muryar Oga Chinedu ce ta bayan ƙyaure. "Kawo memori ɗin, akwai yaro na a sama da babban mashin, kafin azahar ya gama maka. Ba wanda zai sani."

A allo na ga kaina na cire tabarau, na ajiye lema, na koma muryata, muryar wadda ta gaji.

"A'a Oga, na gode. Na mata ne."

"Ai ba zai kalla ba, juyawa kawai zai yi."

"Ko da ido a rufe zai yi, ba zan bayar ba. Na yi wa tsohuwa alkawari. In na'urar nan ta ƙi, gara in je in ce mata na kasa."

"To, Allah ya taimake ka," in ji shi, aka ji takunsa ya yi nisa. Ni kuma na matso kusa da kyamara, hancina ya cika allo, na kashe.

Nan take kiɗan kamu ya tashi, ga Rukayya an rufe ta da mayafi, hoto tas kamar a miƙa hannu a taɓa. Amma Hajiya ta ɗaga rimot ta tsayar. Ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau, kallon da na kwaikwaya ɗazu, sai dai na gaskiyar ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba.

"Ke 'yar nan."

"Na'am, Hajiya." Muryata ko ni ban ji ta ba. "Don Allah ki yafe min, wallahi gwaji ne, ban..."

"Wane ne wancan mai maganar?"

"Maƙwabcina ne, mai kayan kwamfuta. Taimako ya so yi."

"Kin san abin yana ɗauka lokacin da kika ba shi amsa?"

"Na manta, Hajiya."

Ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta dogara sanda ta miƙe tsaye, falo duk aka zuba mata ido.

"Muryar kin samu," in ji ta. "Tarin ma kin samu. Amma ɗingishin nan ƙarya kika yi min. Ƙafar hagu ce ke min ciwo, ke kuma ta dama kike ja. Tashi ki gani."

Ta taka daga kujera zuwa ƙofa, tana jan ƙafar hagu da gangan fiye da yadda take yi kullum, ta juyo ta ce, "Yi mu gani." Dariyar da aka danne tun ɗazu ta fashe gaba ɗaya. Surukar nan ta faɗi a kan kafet tana riƙe ciki. Ni kuwa, da adona da komai, na tashi na bi bayan Hajiya Dada ina ɗingishi da ƙafar hagu a gaban manyan matan gari, hawaye na zuba, ban san na kunya ne ko na daɗi ba.

Da aka natsu ta zauna, ta nuna ni da sanda, ta fuskanci baƙin.

"Kun ji da kunnenku. Ba ta da kunya, amma tana da amana. Duk mai biki a cikinku, ga mai ɗauka nan."

Aka kalli biki har aka kira magariba, ba guntun da ya tsaya, ba wanda ya ƙi buɗewa. Kafin in fita mata uku sun karɓi lambata. Na matsa kusa da Hajiya na raɗa mata cewa ta ba ni filas ɗin in je in cire na farkon in dawo da shi. Ta zare shi da kanta ta ƙulle a bakin zaninta.

"Wannan ai ya fi bikin daɗi," in ji ta. "Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Yanzu na'urar tana nan a shago tana markaɗe ba dare ba rana, har 'yan'uwana mata masu kyamara suna kawo nasu, su zuba da hannunsu su kwashe da hannunsu, ba namiji a tsakani. An kuma ce min duk baƙuwar da ta je gaishe da Hajiya, sai an kunna mata ni kafin a kawo ruwa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana da kara, zai ga abin kunyarki ya kau da kai kamar bai gani ba. Na'ura ba ta san kara ba, abin da kika ba ta shi za ta miƙa wa duniya, ta ma gyara masa murya. Shi ya sa yanzu in zan yi gwaji, buta nake ajiyewa gaban kyamara in ƙwanƙwasa ta da cokali. Har yau butar ba ta kwaikwayi kowa ba.